Ƙashi, kaho, roba ko tagulla: me za ka ɗora wa tsirkiyar jitar da ka haɗa da hannunka?

Ranar da na fara zuwa wurin mahauta neman ƙashin ƙwaurin sa, sai da mutumin ya ajiye wuƙa ya dube ni sama da ƙasa. Na ce masa ba nama nake so ba, ba ɓargo ba, tsakiyar ƙashin kawai, wurin da ya fi kauri. Ya ce, "Malam, in magani ne ka faɗa min gaskiya, don in san irin wanda zan ba ka." Da na ce jita nake haɗawa, ya yi dariya har ya kira na kusa da shi ya zo ya ji. Amma ya zaɓo min mai kyau, ya sare kawunan biyu, ya ƙi karɓar ko sisi. Tun daga ranar nake gwada abubuwa iri-iri a ƙarƙashin tsirkiya, kuma tambayar da masu haɗa jita a gida suka fi yi min, daga ɗaliban Samaru har samarin da ke kiɗa a majami'un Wusasa da Sabon Gari, ita ce: wanne ya fi?

Wurare biyu tsirkiyar jita take hutawa. Na farko can sama, inda wuya ya haɗu da kai, wani ɗan guntu ne mai tsaga shida, kowace tsirkiya da tata. Ni matashi nake ce masa, don a kansa tsirkiya take ɗora kai. Na biyu a fuskar jitar yake. Akwai katakon da ke zaune a kan fuskar, irin wanda masu goge suke kira jaki, sannan akwai siririn abin da ake cusawa a tsagar da ke saman jakin, wanda tsirkiya take hawa. Turawa sirdi suke ce masa, mu ma sai mu bi su, ko da yake a garin nan da akumari aka san jaki.

Aikin su biyun ba ɗaya ba ne, kuma wannan ya shafi zaɓe. Da zarar yatsanka ya danne tsirkiya a kan firet, wato ƙananan ƙarafan nan da ke gicciye a wuya kamar gaɓar rake, matashi ya fita daga maganar sauti, firet ɗin ne ya karɓi aikinsa. Sirdi kuwa ba ya hutu. Duk abin da ka kaɗa ta kansa yake bi ya shiga katakon fuska. Saboda haka a matashi abin da ake nema shi ne santsi da ƙin cinyewa, a sirdi kuma tauri da rashin nauyi. In guntun abu mai kyau ɗaya kake da shi, sirdi za ka ba.

Ƙashi shi ne abin da manyan masu haɗa jita suka daɗe suna amfani da shi, kuma a Zariya kusan kyauta ne. Yana da tauri, ba shi da nauyi sosai, yana karɓar zarto da sanfefa, in an goge shi ya yi sheƙi kamar tangaran. Amonsa a buɗe yake, tsirkiya siririya tana fitowa tar, mai kauri ba ta dusashewa. Matsalarsa ɗaya ce, maiƙo, kuma a nan na sha kashi. Ƙashin da mahaucin nan ya ba ni, dafa shi kawai na yi sau ɗaya na shanya kwana biyu, na ga ya yi fari na ce shi ke nan. Da zafin Afrilu ya zo, sai ga wani tabo mai duhu yana yaɗuwa a katakon wuya kewaye da matashin, gam ya saki, matashin ya riƙa zamewa gefe duk lokacin da na ɗaure tsirkiya. Man da ke cikin ƙashin ne ya narke ya fito.

Yadda nake yi yanzu, in yanka ƙashin tsaye da zarton ƙarfe ya zama falle-falle, in kankare ɓargo da duk wata tsoka, in sa a tukunyar da ba a girki da ita, da ruwa da omo, wuta kaɗan-kaɗan kamar awa biyu, in zubar in sake sabon ruwa. Sai in shanya a inuwa, don rana tana tsaga shi. In ya bushe in jiƙa shi a fetur cikin gwangwani mai murfi, nesa da murhu da hannun yara, sati biyu ko uku, ina canja fetur ɗin in ya yi rawaya. Gwajin ƙarshe mai sauƙi ne: ɗora shi a kan farar takarda a wuri mai ɗumi yini guda, in takardar ta yi tabon mai, bai gama ba. Kada ka sa masa ruwan bilicin wanki don ya yi fari, yana cinye shi ya koma kamar alli. Kuma in za ka goge shi ka ɗaure hanci, ƙurarsa ba ta da kyau ga huhu, warinsa kuwa kamar ana babbakar kai da ƙafa, sai uwargida ta kore ka zaure. Masu zuwa Kano suna samo ƙashin raƙumi, ya fi faɗi da kauri, yana ba da guntaye masu tsawo, amma a kunnena ban ji abin da zai sa in biya kuɗin mota dominsa ba.

Ka lura kuma ba duk ƙashin ne ɗaya ba. Kusa da kawuna yana da ƙananan ramuka kamar soso, wannan ba ya aiki. Ɗaga guntun ka duba a hasken rana, inda ka ga duhu-duhu ko huji ka yar.

Kaho ya fi ƙashi kyan gani, musamman baƙi a kan farin katako, kuma ba ya buƙatar duk wannan wahalar dafuwa. Sai dai asalinsa ɗaya da farce da kofato, ba ƙashi ba ne. Ya fi laushi, falle-falle yake, yana shan danshi, zafi yana lanƙwasa shi, shi ya sa ma masu sana'a suke iya gasa shi su miƙar. A matashin jita mai tsirkiyar nailan ya yi daidai, yana da santsi, tsirkiya ba ta maƙalewa. A ƙarƙashin tsirkiyar ƙarfe kuwa, na sa sirdin kaho bai yi wata shida ba tsirkiya ta uku da ta huɗu suka haƙa masa rami, amon ya yi laushi kamar an rufe jitar da bargo. In za ka yi amfani da shi, yanko daga ƙarshen kahon inda yake cike, ba gindin da ke da rami ba.

Roba ita ce ake samu a jitocin araha da ake shigowa da su, kuma ita ce masu kayan kiɗa suka fi sayarwa in ka je neman canji. Juya ta ka duba ƙasanta, yawanci za ka ga kogo ne a ciki. Tana shanye amo, tsirkiya tana nutsewa a cikinta, in kana ɗauri ka ji wani "ƙis" sautin ya yi tsalle ya wuce inda kake so. Amfaninta ɗaya: ka saya ka yi ta koyon yanka tsaga a kanta kafin ka taɓa ƙashin da ka yi sati uku kana jira. Da ita da hannun buroshin goge baki da guntun bututun ruwa duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Akwai na kamfani masu daraja da bai kamata a haɗa su da wannan robar ba, irin TUSQ na kamfanin Graph Tech da ke Kanada, da Micarta, da Corian wanda asalinsa na saman teburin kicin ne. Fifikonsu a kan ƙashi shi ne ko'ina ɗaya suke, babu wuri mai laushi da mai tauri, ba ruwansu da maiƙo. Wannan yana da muhimmanci in za ka sa ɗan siririn na'urar ɗaukar sauti a ƙarƙashin sirdi don haɗawa da lasifika, domin ƙashin da taurinsa bai daidaita ba yakan sa wata tsirkiya ta fi wata ƙara. In ba haka ba, sai ka yi oda ta intanet, ka jira, ya zo kuma ka tarar tsawonsa bai dace da tsagar da ka yanka ba, tunda jitar gida ba ta bin ma'aunin kowa.

Tagulla tana da masoya, an yi yayinta a jitocin lantarki a shekarun 1970, kuma tsofaffin jitocin Telecaster na kamfanin Fender da sirdin tagulla aka san su. A jitar lantarki ba ni da ja. A jitar ganga kuwa, wato mai akwatin katako wadda ba ta lantarki ba, nauyi ne matsalar: tagulla ta ninka ƙashi nauyi fiye da sau huɗu, kuma fuskar jita fatar ganga ce ta katako, duk abin da ka ɗora mata yana rage mata motsi. Amon zai daɗe yana ja, amma ƙarfinsa ya ragu. A matashi ba laifi, ba ta cinyewa, sai dai tsirkiyar da ba a danne ba takan fi sauran ƙara. Alminiyam ya fi ta sauƙin nauyi da sauƙin samu, guntun firam ɗin taga ma ya isa, amma tsirkiya mai naɗi tana cin sa. Hauren giwa kuwa a bar maganarsa, tun 1989 aka hana cinikinsa tsakanin ƙasashe, kuma ƙashin sa yana yin aikin.

Saura katako. Goge irin na Turawa matashinsa na baƙin katako ne, dangin kanyar nan tamu, don haka ba baƙon abu ba ne. Guntun ƙirya ko zuciyar kanya da ta bushe sosai tana yin matashi mai kyau ga nailan, da amo mai taushi da wasu suke so. Ga tsirkiyar ƙarfe siririya, yanka shi take yi kamar wuƙa.

Inda katako yake da sarauta shi ne jakin kansa. Madobiya ce ta fi kusa da abin da kamfanoni suke sawa, sai dai yadda aka yi ta sare ta ana lodawa zuwa Sin ya sa tun 2016 aka saka ta cikin itatuwan da ake sa wa ido a cinikin duniya, mai kyau ta yi wuya. Ƙirya ta fi ta tauri da nauyi, sai ka rage mata kauri. Madaci ya yi wa wuya kyau, amma a jaki yana da ɗan laushi, leɓen gaba na tsagar sirdi yakan fashe. Farin katakon rufi kada ma ka fara. Jakina da ya fi kowanne kyau daga tsohuwar taɓarya ya fito, wadda ta karye aka jefar a bayan ɗaki: ta yi shekaru tana bushewa, ta gama duk motsin da za ta yi. Kauri kamar milimita 9, nauyi tsakanin giram 25 da 35, jijiyar katakon ta bi tsawonsa.

A nan akwai zaɓi na biyu da ya fi na kayan muhimmanci ga mai haɗa jitarsa ta farko: jaki na manne ko na ɗorawa. Tsirkiyoyin ƙarfe shida masu matsakaicin kauri suna ja da ƙarfin da ya haura kilo 70, na nailan wajen kilo 40. Jakin manne shi yake ɗaukar wannan jan gaba ɗaya, kuma farin gam na kafintoci yana saki a hankali in ya sha zafi, ka wayi gari bayan jakin ya ɗaga baki. Na ɗorawa kuwa, tsirkiyoyi suna wucewa ta kansa su je su kama wani ƙarfe a gindin jitar, matsinsu ne kawai yake riƙe shi, kamar dai jakin goge. Amonsa bai kai na manne zurfi ba, gaskiya ce, amma in ka yi kuskuren wuri sai ka tura shi da yatsa. Na manne in ka kuskure da milimita 3, sai wuƙa da ruwan zafi da addu'a.

To, ko ƙashin da ya fi kowanne ka samu, in tsayin tsirkiya bai yi daidai ba, aikin banza ne. Na ga jita mai sirdin roba da take da daɗin kaɗawa, na ga mai ƙashi da ke yanka yatsa.

Da wuya ake farawa. Ɗaure tsirkiyoyi su kai saitinsu, danne mai kauri a firet na 1 da kuma wanda ke daidai inda wuya ya shiga ganga, ka duba tazarar da ke tsakaninta da firet na 7. Ana son ɗan lanƙwasa kaɗan, kamar milimita 0.2. In kana da fila geji irin na makanikai da suke saita bawul, to. In babu, reza tana da kaurin milimita 0.1, biyu ke nan. In ka sa wa wuyan rodi mai juyawa, da shi za ka gyara, rubu'in juyi a lokaci guda. In ba ka sa ba, kuma lanƙwasar ta yi yawa, koma tsirkiya marasa kauri ko nailan, kada ka nemi gyara wuya ta hanyar goge sirdi.

Sai matashi. Danne tsirkiya tsakanin firet na 2 da na 3, ka dubi saman firet na 1. Tazarar ta zama wadda takarda za ta shiga da ƙyar, in ka ɗan buga tsirkiyar da farce ka ji "tik". In ta kwanta a kan firet ɗin, tsagar ta yi zurfi, za ta riƙa zirr in an kaɗa ta a sake. In ta yi sama, yatsa zai wahala a firet na farko, kuma sautin zai riƙa haurawa ko da na'urar saiti ta ce komai daidai. Wannan ne laifin da na fi gani a jitocin gida, mutum ya ji tsoron zurfafa tsaga ya bar ta sama. Dabarar ita ce ka tsaga fensir biyu a tsaye, ka kwantar da shi a kan firet na farko da na biyu ka ja layi a fuskar matashin. Wannan layin shi ne tsayin firet, kada tsaga ta kai shi.

Kayan yankan tsaga na ainihi suna da tsada. Tsirkiyoyin sun tashi daga kamar milimita 0.3 zuwa 1.35, kowace tana son tsaga daidai jikinta da ɗan sarari kaɗan. Ina amfani da ƙananan wayoyin nan masu kaushi da masu walda suke share bakin tocila da su, ga masu kauri kuma guntun tsohuwar tsirkiya mai naɗi da na manna a gefen ɗan katako. Tsagar ta gangara wajen kai, yadda tsirkiya za ta bar matashin daga leɓen gaba sosai, ƙasanta ya zama zagaye, ba tsini ba. Masu kauri rabinsu kawai ya nutse. Ka goga bakin fensir a ciki don santsi. In hannu ya zarce, garin ƙashi da ɗigon sufa gulu yana cike ramin ka sake yankawa. Matashin kansa ɗigon gam biyu ya ishe shi, don wata rana za ka so cire shi. Wanda duk wannan ya yi masa yawa, akwai mafita: ka sa ƙarin firet a daidai inda matashi zai tsaya, tsirkiya ta hau kansa, matashin ya koma baya yana raba tsirkiyoyi kawai. A nan ko kaho ko katako ka sa, babu damuwa.

Sirdi a firet na 12 ake auna shi, daga saman firet zuwa ƙasan tsirkiya. Ga tsirkiyar ƙarfe, kamar milimita 2.5 a mai kauri, 1.8 zuwa 2 a siririya. Ga nailan, 4 da 3, don ta fi lilo. Katin ATM kaurinsa milimita 0.76 ne, uku sun ba ka kusan 2.3, biyu 1.5, sai ka ƙiyasta. Mai dukan tsirkiya da ƙarfi a taro ya ƙara kaɗan, mai tsinka da yatsa a ɗaki ya rage. Tunda firet na 12 shi ne tsakiyar tsirkiya, duk abin da kake son ragewa a can ninkinsa za ka cire a sirdi: ka auna ka sami 3.5 kana son 2.5, milimita 2 za ka goge. Daga ƙasa ake gogewa, a kan sanfefar da aka shimfiɗa bisa gilashi, don gindin ya zauna daram ba tare da gibi ba. Ka ja layi, ka tsaya kafin layin, ka mayar ka gwada. Sirdin ya shiga tsagarsa da ɗan matsi, ba gam, fiye da rabinsa a ciki, kamar milimita 3 a waje. In lissafi ya nuna sai ka goge shi har ya kusa shafewa da jaki, to ba laifinsa ba ne, kusurwar wuya ce ta kauce.

Wurin zamansa ma da lissafi. In tsawon tsirkiya milimita 648 ka yi, firet na 12 yana kan 324, amma sirdi ba ya tsayawa a 648 cif. Dannawa tana ƙara wa tsirkiya ɗauri, don haka ana ja da shi baya, kamar milimita 2 a siririya, wajen 5 a mai kauri, shi ya sa kake ganinsa a karkace. Na nailan kusan a miƙe yake. Buɗe manhajar saiti a waya, kaɗa tsirkiya a sake, sannan ka danne a firet na 12. In na biyun ya haura, tsinin sirdi ya koma baya. Sirdi mai kaurin milimita 3 yana ba ka filin yin wannan gyaran da zarto, kuma a nan ma ƙashi ya fi, don yana riƙe tsinin da ka fitar masa.

Duk waɗannan lambobin kuwa, a Zariya na wata shida ne. Masu haɗa jita a ƙasashen waje suna aiki a ɗakin da danshin iska yake wajen kashi 45 zuwa 50 cikin ɗari. Mu a watan Agusta ƙofar ɗaki ma ƙin rufuwa take, a Janairu kuma leɓe tsagewa yake. Katakon fuska yana bin wannan: da damina ya kumbura ya ɗaga jaki, tsirkiya ta yi sama, da hunturu ya tsuke ya faɗa, tsirkiya ta sauko kan firet. Jitata ta biyu a tsakiyar damina na saita ta, na yi ta yabon kaina. Iskar hunturu ba ta yi sati uku da fara kaɗawa ba ta koma zirr daga firet na 5 zuwa sama, bakunan firet suka fito gefe suna yagar hannu. Na ɗauka aikina ne ya lalace, har na fara shirin cire wuya, sai wani dattijo mai gyaran garaya ya ce min, "Yaro, bar ta, ruwa take jira."

Tun daga nan kowace jita sirdi biyu nake yanka mata daga ƙashi ɗaya, na hunturu ya fi na damina tsayi da kamar milimita 1. Wannan kaɗai ya isa dalilin zaɓar ƙashi a garin nan, don na oda sai ka saya biyu. Haɗa ganga da manna jaki kuma na mayar da su lokacin rani, domin katakon da aka haɗa a bushe in ya kumbura ba ya fashewa, wanda aka haɗa a jiƙe shi ne ke tsagewa in ya tsuke. Da hunturu ina sa ɗan soso mai laima cikin kwalin sabulu mai huji, in ajiye a jakar jitar. Sirdin da ba ya aiki kuma yana cikin kwalin ashana, na rubuta masa "damina" da biro, yana jiran ruwan Yuni.